Yadda na ƙera ɗakin kwanan da motata ta lantarki ke ja

Tun da na fara fita da wannan 'yar tirelar, da wuya in faka a bakin masallaci ko cunkoson Kawo a nan Kaduna ya tsayar da ni ba tare da wani ya leƙo ya tambaye ni ba: wannan amalanken na mene ne, a ina aka yi shi, nawa ya ci? Mutum biyu ma sun ce za su yi irinta. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta yadda abin ya gudana daga farko, domin duk wanda ya yi niyya kada ya zubar da kuɗin da na zubar.

Sana'ata haɗa sola ce, galibi ta famfunan burtsatse a ƙauyukan da ke wajejen Zariya, Soba da Makarfi. Aiki ɗaya yakan ci kwana biyu ko uku, kuma wurin kwana kullum shi ne matsala: ko a ba ka ajin makaranta mai sauro, ko ka takura wa mai gari a zaurensa. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin fetur ya fara cinye ribar aikin, sai na sayar da tsohuwar motata na ciko na sayi ta lantarki ta hannu, mai batirin kilowat-awa 60, tunda ina da sola a gida a Unguwar Dosa. Daga nan tunanin ɗakin tafi-da-gidanka ya shigo mini. In faɗa tun yanzu, ba don kwanan daji na yi shi ba. Kowa ya san halin da hanyoyinmu ke ciki. A cikin gida mai katanga nake fakawa, da sanin mai gari, kuma ba na tafiyar dare.

Kuskurena na farko shi ne Panteka, kasuwar masu ƙere-ƙere, na fara nufa da zane a hannu, bayan babbar sallar 2024, ban ko buɗe littafin motar ba. Zanen nawa akwati ne mai kusurwa huɗu, tsayinsa daga ciki ƙafa 6 don mutum ya miƙe tsaye, har da wurin wanka. Mai waldar da na samu dattijo ne da ya daɗe yana ƙera bodin motocin kaya da ƙofofi, hannunsa ba a magana. Ya duba takardar ya ce, "Injiniya, wannan ai ƙaramin aiki ne, kawo kuɗin ƙarfe kawai." Na ba shi. Bayan sati biyu na koma na tarar da cesis, wato ƙashin ƙarfen da ake ɗora jiki a kai, wanda ko shanu biyu aka ɗora masa ba zai lanƙwasa ba: ƙarfe mai kauri, aksul da sifirin na tsohuwar a-kori-kura ƙirar Peugeot 504, tayoyi manya. Baba mai walda yana ta murna, yana buga shi da guduma yana cewa jikokina ma za su gada. Muka tura shi wurin masu sayen tsofaffin ƙarafa muka ɗora a sikelinsu, ya ba da kilo 210, alhali ko katako ɗaya ba a sa ba.

A daren nan ne na buɗe littafin motar, abin da ya kamata in yi tun farko. Kowace mota akwai iyakar nauyin da kamfaninta ya yarda ta ja, kuma a motocin lantarki bambancin yana da yawa. Tesla Model Y an yarje mata kilo 1,600, tsofaffin Nissan Leaf kuwa ba a yarje musu jan komai ba. Tawa littafin ya ce kilo 750, sannan nauyin da zai danne ƙugiyar baya, inda ake ɗaure tirela, kada ya wuce kilo 75. Na yi lissafi: cesis 210, filawud mai kaurin milimita 18 kowane falle na ƙafa 4 da 8 yana kai kilo 30, zanena kuma zai ci aƙalla falle goma. Ga ƙofa, ga tankin ruwa, ga batir, ga kayan aikina. Na riga na tsallake iyaka tun a takarda.

Duk da haka a lokacin nauyi kaɗai nake tsoro. Wani abokina da ke koyarwa a sashen injiniya ne ya ce mini kafin in sake kashe ko sisi, in yi gwaji. Muka kafa sandunan katako a kan cesis ɗin nan, muka rufe da silin mai araha daidai girman akwatin da na zana, muka ɗaure shi da kyau. Amma kafin gwajin sai da aka sa wa motar ƙugiya, kuma nan ma an yi daru. Wani yaron shagon ya jawo wayar walda zai liƙa ƙarfe a ƙarƙashin motar kai tsaye, kamar yadda suka saba yi wa sauran motoci. Allah ya sa ina wurin. Batirin motar lantarki a shimfiɗe yake a ƙarƙashinta, wayoyin nan masu ruwan lemo suna ɗauke da wuta ta wajen bolt 400, ba wurin wasa da walda ko huda ba ne. Na ce a dakata. Na yi odar ƙugiyar da aka ƙera don irin motar, wadda ake ɗaurewa da noti a ramukan da kamfani ya riga ya tanada. Da kuɗin kawowa ta tasar mini naira 420,000, na kuma jira ta sati biyar. Zuwanta kuma sai wata sabuwa: ƙwallon ƙugiyar irin na Turai ne, milimita 50, bakin tirelar da ke kama shi kuma, wanda na saya na hannu, na Amurka ne, inci 2, wato milimita 50.8. A ido ɗaya suke. Sai an haɗa ake jin yana ƙwal-ƙwal. Baba ya ce a cusa roba a ciki, na ce a'a Baba, wannan shi ne kaɗai abin da ke riƙe tirelar da motar. Na sake sayen baki mai milimita 50.

Ranar gwajin, da sassafe, na tashi daga Kawo na bi ta Rigachikun da Maraban Jos zuwa Jaji na juyo. Motar ita kaɗai takan ci kilowat-awa 15 zuwa 16 a kilomita 100. Da akwatin silin a baya, wanda kusan fanko ne, allo ya nuna mini 28. Na ɗauka na'urar ce ta rikice. Washegari muka cire silin ɗin, muka ɗora buhunan yashi shida a kan cesis ɗin tsirara, nauyin ya fi na jiya nesa, na sake bin hanyar da gudu iri ɗaya, ta ci 19. Gani ya kori ji. Abin da ke shanye batir a kan babbar hanya iska ce. Akwatin nawa ya ɗara rufin motar da kusan santimita 75, gabansa kuma a miƙe kamar bango, don haka iskar da ta zame ta kan motar da shi take karo. Abokin nawa ya yi mini bayanin cewa turjiyar iska tana ƙaruwa ne da ninkin gudu a kan kansa, shi ya sa daga kilomita 80 zuwa 100 a awa take ƙaruwa da kashi 56 cikin 100. Nauyi kuwa a lokacin tashi da hawan tudu yake ci, kuma motar lantarki tana maido da wani ɓangare na wutar idan ana rage gudu ko gangara. Wutar da iska ta ci kuwa ta tafi ke nan.

Na yage zanen. Sabon da na yi na ɗauko shi ne daga wata tsohuwar siffa da Amurkawa ke yi tun shekarun 1930, mai kama da ɗigon ruwa a kwance: gaba a zagaye, rufi yana gangarowa baya. Faɗi ƙafa 4, tsawo ƙafa 8, wato daidai fallen filawud, ba sai an yi ta yanka ana asara ba. Katifa mai ƙafa 4 da 6 ta shige cif, ragowar ƙafa biyun baya na mayar wurin risho da kwanuka, da murfin da ake ɗagawa daga waje. Tsayi daga ƙasa har rufi mita 1.6, daidai rufin motar, jikin kuma bai kai faɗinta ba, don haka tirelar tana laɓe ne a bayan motar. Abin da na rasa shi ne tsayuwa a ciki, zama kawai da kwanciya. Mahaifina da ya ga zanen bai tambayi komai ba sai, "To a ina za ka yi sallah?" Wannan tambaya ce ta sa na ƙara rumfar tamfol a gefe, mai sanduna biyu, inda nake shimfiɗa darduma, kuma yanzu a nan na fi zama.

Komawa wurin Baba da maganar a sake cesis ita ce ta fi mini wuya, don shi a ganinsa raina aikinsa na yi. Na nuna masa bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, milimita 50 da 50, kaurin milimita 2, wanda mita ɗaya bai wuce kilo 3 ba. Ya juya shi a hannu ya ce, "Injiniya, wannan ai na gadon yara ne." Sai da na zauna a benci muka sha shayi, na ce Baba, ba ƙarfin aikinka nake shakka ba, motar ce ba ta da ƙarfin ɗaukar aikinka. Ya yi dariya, aka shirya. A gaskiya shi ma ya gyara mini wani abu da ban hango ba: ya ce ƙarafan gaba biyu da ke haɗuwa a wurin ƙugiya kada su tsaya a bakin cesis, su zarce ta ƙarƙashi har kusa da sifirin, kuma a yi su da mai kaurin milimita 3, domin a nan irin waɗannan abubuwa ke karyewa a hanyar da ke da ramuka. Ya yi gaskiya, kuma haka aka yi. Muka sa sifirin na ƙaramar motar kaya, tunda na 504 ɗin ya yi tauri, tirela marar nauyi tsalle kawai za ta riƙa yi a kansa. Tayoyi masu inci 13. Aksul ɗin muka matsar da shi baya kaɗan da tsakiya. Sabon cesis da tayoyinsa ya tsaya a kilo 135. Tsohon na sayar wa wani mai gidan burodi, na yi asarar wajen naira 180,000.

Aikin jiki ya faɗo cikin watan Agusta, ruwa ba dare ba rana, kuma a tsakar gidana kafinta yake yi ƙarƙashin tamfol. Ƙasa filawud mai milimita 12, muka shafe bayansa da baƙin fentin kwalta saboda ruwan hanya. Bango da rufi filawud mai milimita 6 daga ciki, siraran katakai a gefuna da zagayen ƙofa, sannan farin soson nan mai tauri irin wanda ake samu a kwalin firij, kaurin inci ɗaya, don tare zafi. Saura fatar waje. Na ɗauko wani mai aikin faiba, irin masu gyaran bodin Keke Napep da bambar mota. Ya kwaɓa ruwan maganinsa ya shafa a gefe ɗaya, kafin mu ankara soson ya fara narkewa yana lotsawa kamar an zuba wa sukari ruwa. Ashe ruwan faibar da aka fi samu a kasuwa, na foliyesta, yana cinye irin wannan soson. Na efoksi ne ba ya ci, shi kuma tsadarsa ta fi ƙarfina. Gefe guda ya lalace, muka sake. A ƙarshe hanyar talakawa na bi: na sayo yadi mai kauri irin na tanti a Kasuwar Gumi, muka shafe soson da farin gam na kafintoci, muka shimfiɗa yadin muna lailaye shi da hannu kada iska ta maƙale, ya bushe, sannan fenti hawa biyar har saƙar yadin ta toshe. Saboda danshin damina kowane hawa sai ya kwana biyu kafin ya bushe, uwargida kuma ta gaji da warin fenti, har ta raɗa wa abin suna akurki. Fari na yi masa saboda ranar Maris da Afrilu. Taga biyu masu raga suna kallon juna, da 'yar fanka a rufi. Batir na sa na litiyom mai amfiya-awa 100, kilo 12 kacal, maimakon irin manyan nan na inbata masu ruwa da ke haura kilo 60.

Fitilun baya ma sun ci mini kwana uku. Mai rewaya ya yanki wayar fitilar motar ya jona ta tirela kamar yadda ake yi wa tsofaffin motoci, nan take allon motar ya cika da gargaɗi, sigina ta riƙa ƙiftawa da sauri. Kwamfutar motar tana auna wutar da kowace fitila ke ja, da ta ga ƙari sai ta ɗauka matsala ce. Akwai wani ɗan akwati da ake sawa a tsakani, wanda ke karanta sigina daga wayar amma ya ɗebi wutarsa daga ƙaramin batirin motar mai bolt 12. Ashe ma yana cikin kwalin ƙugiyar da na yi oda, ni ne ban san amfaninsa ba na jefa shi a sito.

Sai takardu. Na je ofishin da ke rajistar ababen hawa da hotuna a waya. Ma'aikacin farko ya duba ya ce, "Alhaji, wannan mota ce ko kaya?" Ya tura ni wurin na biyu, na biyu ya ce in dawo idan oga yana nan. Zuwa na biyu na zauna daga ƙarfe tara har aka kira azahar. Ogan mutum ne mai fahimta, ya ce matsalar ita ce abin ba shi da lambar cesis kuma ba shi da takardar shigowa ta kwastan, tunda a nan aka ƙera shi. Ya ce in kawo rasiɗan kayan da na saya, takarda daga mai walda cewa shi ya ƙera, takardar rantsuwa daga kotu cewa nawa ne, da kwafin takardun motar da za ta ja shi. Rasiɗai kuwa rabinsu ban karɓa ba, wa ke neman rasiɗi a wurin mai tsofaffin ƙarafa? Sai da na bi shago-shago ina roƙo, wasu ma sun manta da ni. Rantsuwar kotu ba ta ɗau awa biyu ba. Baba ya buga lamba a jikin ƙarfen gaba da ƙusoshin lamba, muka rubuta ta a duk takardun. A zuwa na huɗu jami'in duba lafiyar mota ya fito da kansa ya zagaya ta. Ya sa na taka birki, na kunna sigina dama da hagu, ya girgiza ƙugiya, ya tambayi nauyi na nuna masa takardar sikeli. Abu biyu ya ce in gyara: in sa sarƙar kariya tsakanin tirela da mota ko da baki zai kuɓuce, in kuma liƙa jan kyalli a baya da gefuna. Na ce, "Yallaɓai, an gama." Gaba ɗaya zirga-zirgar ta ci sati uku. Kwafin takardun nan yanzu a cikin tirelar suke kwana, don a shingen hanya kusan kullum sai an tsayar da ni, galibi ma don a leƙa ciki a yi mamaki.

Da aka gama komai ta auna kilo 340 fanko, da kaya kuma wajen 480. Tafiyar farko ta gaske zuwa Zariya ce, wajen kilomita 80, a farkon hunturu. A nan na yi wautar da ta kusa jawo mini hatsari. Akwatin kayan aiki da jarkokin ruwa biyu na loda su a can baya wurin risho, don a nan suka fi sauƙin ɗauka. Bayan Jaji wata tanka ta wuce ni, sai na ji bayan motar yana kaɗawa, na duba madubi na ga tirelar tana lilo dama da hagu, kowane lilo ya fi na baya. Gabana ya faɗi, ina ta salati. Ban taka birki ba, na riƙe sitiyari a miƙe na sassauta ƙafa a hankali har ta nutsu. Na sauka gefe jikina na rawa. Da na ɗaga bakin tirelar da hannu ɗaya sai ya taso kamar ba komai, wato nauyin duk ya koma baya. Ƙa'idar ita ce wajen kashi 60 cikin 100 na kaya su kasance gaban aksul, bakin kuma ya danne ƙugiya da kamar kashi 10 na duka nauyin. Na dawo da jarkokin da akwatin gaba. Tun daga ranar, kafin in fita sai na ɗora bakin a kan sikelin auna mutum da guntun katako, ina neman kilo 45 zuwa 50. Haka kuma ina rage ƙarfin birkin nan na maido da wuta idan ina ja, don idan yana sama, ɗaga ƙafa kaɗai tamkar taka birki ne, tirelar kuma ba ta da birkin kanta.

A gudun kilomita 80 motar tana cin kilowat-awa 21 a kilomita 100, don haka zuwa Zariya da dawowa yana cin wajen 34 daga cikin 60. Idan na kai 100 sai ta haura 26, shi ya sa na haƙura da gudu, 'yan bas su yi ta yi mini hon. Inda ya fi Zariya nisa sai na tabbatar akwai inda zan jona, kuma ƙaramar cajar da ake sawa a soket ɗin gida kilowat 2 da ɗan kai take bayarwa, dare guda ba ya cika batir, sai dai ya ƙara abin da zai kawo ni gida.

Wanda zai yi irin wannan, ya fara da littafin motarsa, in ba a yarje mata ja ba to maganar ta ƙare. Ya auna tsayi da faɗin motar, ya hana zanensa wuce su, ko da hakan na nufin ba zai miƙe tsaye a ciki ba. Ya leƙa ofishin rajista tun kafin a yanka ƙarfe, ya karɓi rasiɗi ko na noti ne. Kuma ya tsaya a kan masu aiki da kansa, domin masu waldarmu sun iya aiki, sai dai sun saba da cewa abu mai kyau shi ne mai nauyi, ga shi a nan kowane kilo sai an yi masa lissafi. Ni abin ya tasar mini naira miliyan 2 da rabi da 'yan kai, har da asarar da na lissafa, kuma farashin kaya ya motsa tun daga lokacin. Ribas da tirela ma sai an koya: na yi yammaci uku a filin ƙwallon unguwarmu ina karkacewa, yara suna yi mini ihu.

Abin da ya rage mini yanzu ƙura ce. Hunturun nan ya nuna mini cewa murfin baya ba ya rufuwa ruf, duk tafiya sai na tarar da jar ƙasa a cikin kwanuka da kan risho. Na sa robar ƙofar firij ta rage, amma ba ta hana ba. Kafintan ya ce gefen murfin ne ya ɗan kauce lokacin damina, sai an cire an sake fere shi, kuma mun yi da shi ranar Asabar mai zuwa.